Daga Ƙwanni Zuwa Bama: Ina Kaburburan Mazan Jiyanmu?

Kafin in ce komai, wajibi ne in miƙa gaisuwa ta ladabi ga malamanmu. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya jiƙansu da rahama. Haka nan ina gai da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na gabanmu da na bayanmu da 'yan ajinmu, duk inda neman abinci ya jefa kowa. Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in ɗauko illa maganar mutanen da suka bar wannan yanki namu na Illela da kewaye suka tafi fagen fama, wasu suka dawo, wasu kuwa ko gawarsu ba a gani ba.

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya. A ran nan shugaban ƙasa a Abuja, da gwamnoni a jihohinsu, sukan ajiye furanni a gindin dutsen tunawa, a busa bigila, a yi shiru na minti ɗaya, a harba bindiga, sa'an nan a saki fararen tattabaru. Da can ran 11 ga Nuwamba ake wannan taro, kamar sauran ƙasashe renon Ingila, domin a ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin 1918. Daga baya Nijeriya ta mai da nata 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Mu mutanen Sakkwato kuwa ranar tana da wani nauyi na daban a wurinmu, domin a irinta ce cikin 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari.

To, in an watse, tattabaru sun tashi, sai tambaya ɗaya ta rage: su wane ne ake tunawa? In da za a tsai da mu ɗaya bayan ɗaya, mu da muka yi boko har jami'a, a ce kowa ya faɗi sunan mutum ɗaya na ƙasar Illela ko Gada ko Gwadabawa da ya rasu a yaƙin Bama, ko ya faɗi inda kabarinsa yake, nawa ne cikinmu za su iya? Wannan ita ce tambayar da nake so mu bi sawunta tare, domin waiwaye adon tafiya ne.

Ƙwanni, 1899

Duk wanda ya yi karatu a Illela ya san Birnin Ƙwanni. Tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, kuma da wuya ka sami gida a nan da ba shi da dangi a can. A nan ya kamata labarin ya fara.

A farkon 1899 wata runduna ta Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi, a ƙarƙashin wasu hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine. Turawan da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, galibin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga yamma, ga kuma ɗimbin 'yan dako da aka kama ƙarfi da yaji. Duk garin da ya hana su hatsi ko ruwa ko mutane, sai wuta. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka iso Ƙwanni, suka buɗe wa ganuwar garin wuta da igwa, suka shiga suka karkashe jama'a masu ɗimbin yawa, maza da mata, suka ƙone birnin. Abin lura shi ne, bisa yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Ƙwanni a kason Ingila take a lokacin. Sai bayan gyare-gyaren 1904 da 1906, da aikin kafa alamun iyaka da Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka yi daga 1906 zuwa 1908, aka sami wannan layi da ya raba mu da 'yan'uwanmu.

Da labarin ta'asar ya kai Faransa, sai aka turo Laftana Kanar Klobb ya karɓi rundunar. Ran 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa iyayen gidansu baya, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburan da aka yi wa waɗannan biyu suna garin Maijirgi, an san su, ana nuna wa baƙi. Mutanen Ƙwanni kuwa, waɗanda suka mutu suna kare gidajensu, ramuka aka haƙa aka zuba su, babu wanda ya rubuta sunayensu. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin zai yi ta ganin irinsa a gaba.

Giginya, Burmi da Satiru

Shekara huɗu bayan haka sai abin ya zo kan Sakkwato. Kano ta faɗi hannun Kanar Morland ran 3 ga Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan ganuwar birnin Sakkwato, inda dawaki da masu da takubba suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa. Ba a daɗe ba aka tashi, amma waɗanda suka tsaya a gindin tuta ba su gusa ba har aka ƙare su. Sarkin Musulmi Attahiru Ahmadu ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta bin sa gari gari, har aka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, ran 27 ga Yuli 1903. A nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, a nan kuma Manjo Marsh, jagoran sojan Nasara, ya gamu da ajalinsa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau.

A Satiru, kudu da Sakkwato, ran 14 ga Fabrairu 1906 talakawa masu gatura da fartanya suka kashe Turawa uku, wato Hillary da Scott da Blackwood, tare da sojoji baƙaƙe 25. Ran 10 ga Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka hana sake zama a wurin. Sunayen Turawan nan uku suna cikin kowane littafin tarihi. Sojojin nan 25 da suka mutu tare da su, da mutanen Satiru 2,000, duk adadi ne kawai.

A nan akwai wata magana mai ɗaci da ba za mu tsallake ta ba. Turawan da suka zo Giginya 'yan gommai ne, ɗaruruwan da suka ɗana kunamar bindiga baƙaƙen fata ne, da yawansu kuma Hausa suke ji. Ai da ɗan gari akan ci gari. Asalin wannan soja tun 1863 ne, lokacin da Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, kuma daga nan ne rundunar sojan Nijeriya take ƙirga shekarunta. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, Hausa ta zama harshen bariki, a 1924 kuma aka buɗe wurin horar da kuratan soja a Zariya. Wato ke nan rundunar da ta ci kakanninmu da yaƙi ita ce daga baya 'ya'yansu suka shiga. Wasu talauci ya kai su, wasu gudun bauta, wasu haraji, wasu hakimi ne ya ba da sunansu don a cika adadin da Razdan ya nema, wasu kuwa sha'awar kaki ce kurum. Ba namu ba ne mu yanke musu hukunci daga inuwar ofis. Namu shi ne mu san su.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Da yaƙi ya ɓarke a Turai cikin Agusta 1914, a watan nan aka tura sojan Nijeriya Kamaru, wadda ke hannun Jamus. Harin farko da aka kai Garwa a ƙarshen Agusta bai yi nasara ba, aka yi hasarar rayuka har da kwamandan rundunar, Laftana Kanar Maclear. Sai a Yuni 1915 Garwa ta faɗi, Banyo a Nuwamba, dutsen Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai 18 ga Fabrairu 1916. A ƙarshen wannan shekara aka ɗebi birged guda ta jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, ƙasar Tanzaniya ta yau, inda yunwa da zazzaɓi da atuni suka yi musu ɓarnar da ta yi kafaɗa da ta harsashi. A Mahiwa, cikin Oktoba 1917, sun sha ɗaya daga cikin kare jini biri jini mafi muni na yaƙin a nahiyar Afirka.

A bayan kowane mai bindiga akwai 'yan dako, masu ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa a ka, a dajin da babu hanyar mota. Su suka fi mutuwa, su aka fi mantawa. An gina duwatsun tunawa a Zariya da Lakwaja da Badun da Kalaba, amma gawarwakin suna can warwatse tsakanin duwatsun Mandara da kogin Rufiji.

Cikin mutanen wannan zamani akwai wanda sunansa ya tsira, wato Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja ne a wajen Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga na Ingilishi, ya kai muƙamin samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, aka ba shi kyaftin na girmamawa da ya yi ritaya a 1953. Barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Labarinsa ya isa ya nuna mana yadda talaka ke shiga tsakanin giwaye biyu.

Habasha da Bama

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, shi ya fi taɓa ƙauyukanmu. Ya fara a 1939, shekarar da aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shekara ɗaya bayan hawan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ta jaridar nan da bakin sarakuna aka yi ta kiran samari su shiga soja.

Da farko aka kai su gabashin Afirka su kori Italiya. Birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941, ta kuma bi abokan gaba har Harar ta ƙasar Habasha a ƙarshen Maris, tafiyar da masana harkar soja ke lissafawa cikin mafi sauri a wannan yaƙi. Bayan haka sai aka juya da su gabas mai nisa, ƙasar Bama, ba ta Barno ba, wadda a yau ake kira Myanmar, domin su fuskanci Japan.

An kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanya sai wadda suka sare da adda, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo musu da lema. Wata birged tata mai bataliya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, dukkansu na Nijeriya, aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa cikin 1944. Ta 82 kuma ta shiga yankin Arakan a ƙarshen 1944. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau sarauta a 1944, ya je har can ya gai da su. Ka duba fa, yaron da ya tashi a faƙon Gada ko bakin tafkin Kalmalo, wanda bai taɓa ganin kogin da ya fi na Rima ba, shi ne ya ƙetare teku ya kwana cikin kurmin da ruwan sama ke yin watanni yana zuba, ga matsattsaku, ga sauro, ga maƙiyi a kan itace.

Yawancinmu mun sha wucewa ta gaban bariki ba mu san abin da sunansa ke nufi ba. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung da An da Tamandu da Dodan a Ikko, Letmauk a Badun, duk sunaye ne da aka ɗebo daga yaƙin Bama. Mogadishu na Abuja na tuna yaƙin Italiya, Bukavu na Kano kuma aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango ne, daga 1960 zuwa 1964. An adana sunayen wurare, to ina na mutane?

Waɗanda suka rasu a Bama, waɗanda aka gano gawarsu an tattara da yawansu a maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, mai kabari fiye da 6,000. A tsakiyarta akwai dogayen ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, na Ingila da Indiya da Afirka, ciki har da namu. Iyayensu sun mutu suna duban hanya, ba su taɓa jin sunan Taukkyan ba. Waɗanda suka dawo, galibi cikin 1946, wasu suka zama 'yan doka da masinjoji da direbobi a En'e, da yawa suka koma gona. Takardun da aka bankaɗo a 2019 game da rundunonin gabashin Afirka sun nuna kuɗin sallama na farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata na aiki, na baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsallaken iyaka

'Yan'uwanmu na Ƙwanni da Tawa da Dogon Dutsi da Maradi su ma ba su tsira ba, sai dai su Faransa ce ta ɗebe su. Daga 1940, da Jamus ta ci Faransa, har zuwa ƙarshen 1942, Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Wato a shekarun nan wannan iyaka tamu ta Illela iyaka ce tsakanin ɓangarori biyu masu gaba da juna. Wa da ƙane suna iya kasancewa ɗaya da kakin Ingila, ɗaya da na Faransa. Da ma tun kafin nan samari da yawa daga ƙasar Faransi sukan gudo wa aikin tilas su shiga sojan Nijeriya.

A ƙauyen Chasselay kusa da birnin Lyon akwai maƙabarta mai jan gini irin na ƙasashenmu, wadda aka buɗe a 1942, inda aka binne sojojin Afirka ta Yamma da Jamusawa suka kashe a Yuni 1940, da yawansu bayan sun ajiye makamai. A Thiaroye kusa da Dakar kuwa, ran 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ne da kansa ya buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a Turai, don sun nemi haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35, a 2014 Shugaba Hollande ya amsa cewa sun kai 70, sai a 2024 Shugaba Macron ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Fanshon tsofaffin sojan ma an daskarar da shi tun 1959, ba a soma daidaita shi da na Faransawa ba sai 2007, lokacin da akasarin masu shi sun riga sun kwanta dama.

A maƙabartar soja ta Abuja

Aikin ofis ya taɓa kai ni Abuja na 'yan makonni, sai na nemi izni na ziyarci Maƙabartar Soja ta Ƙasa, wadda ke kan hanyar filin jirgin sama. Ina ba duk ɗan'uwan da ya sami dama shawara ya je. Wuri ne mai tsafta da shiru, kaburbura sahu sahu kamar ana fareti, kowane da suna da muƙami. A nan aka binne Laftana Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya rasu a Malam Fatori a Nuwamba 2016. A nan aka binne Laftana Janar Ibrahim Attahiru da waɗanda suka yi hatsarin jirgi tare da shi a Kaduna ran 21 ga Mayu 2021, da sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024, da Laftana Janar Taoreed Lagbaja a Nuwamba 2024. Musulmi da Kirista, ɗan kudu da ɗan arewa, ƙasa ɗaya ta rufe su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yawancin na sahun baya sa'o'inmu ne, wasu ma ƙannenmu.

A cikin harabar akwai wurin tunawa da matattun yaƙe-yaƙen duniya biyu, wanda aka maido daga Ikko, tare da mutum-mutumin tagulla na soja da na ɗan dako, waɗanda mutanen Ikko suka daɗe suna kira Sojan Idumota. Na tsaya ina bin jerin sunayen da ido. Magatakardan bariki na wancan zamani ba su damu da sunan uba ba, sai su rubuta sunan yanka su liƙa masa gari: Wane Sokoto, Wane Kano, Wane Katsina, Wane Bauchi, Wane Yola. Mutumin Illela ko Gada in an tambaye shi garinsu a Zariya, me zai ce in ba Sakkwato ba? Saboda haka namu suna iya kasancewa a jikin bangon nan, amma a ɓoye cikin sunan babban birni. Babu mai iya fito da su sai danginsu, dangin kuwa ba su san da bangon ba. Na yi musu addu'a gwargwadon abin da ya sawwaƙa, na fito.

Masu wannan bango su ne Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda aka kafa a 1917 bisa alkawarin cewa za a daidaita kowa a mutuwa, babu bambancin muƙami ko launi ko addini. A Afrilu 2021 wani kwamiti da ita kanta ta naɗa ya ba da rahoto cewa ba a cika alkawarin ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kaɗai, mutum 45,000 zuwa 54,000, galibi 'yan Afirka da Indiya, ba a karrama su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Rahoton ya nuna wasu manyan jami'an mulkin mallaka sun ɗauka baƙar fata bai san darajar alamar kabari ba. Ministan tsaron Ingila, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce, ai mu ba al'adarmu ba ce gina kabari da ƙawata shi, kuma wanda ya faɗi a fagen fama inda ya faɗi ake rufe shi. Gaskiya ne, ni ma ba gini nake kira a yi ba. Amma rubuta tarihin waɗanda suka rasu gadonmu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, da Malam Abdullahi na Gwandu a Tazyinul Waraƙati, sun ambaci mutanen da aka rasa a yaƙe-yaƙen jihadi. Ta hanyar irin wannan rubutu ne muka san cewa a Tsuntsuwa cikin 1804 an rasa kimanin mutum 2,000, kusan 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Idan magabata sun yi da tawada da alƙalamin kara, mu da ke yawo da waya mai ɗaukar hoto ba mu da hanzari.

Kuma lissafin bai rufe ba. Bayan Bama an yi Kwango, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an yi Laberiya daga 1990, da Saliyo, da Darfur, da arewa maso gabas. Nan gida ma, hare-haren 'yan bindiga na 2021 a Goronyo da Illela da Sabon Birni sun ci rayukan talakawa da na jami'an tsaro. Mu ma'aikatan gwamnati mun san abu guda: abin da bai shiga fayil ba, bayan shekara goma kamar bai faru ba.

Saboda haka ga shawarata ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, kowane ɗayanmu in ya je gida hutun Salla ya zauna da dattawan gidansu ya tambaya: wa ya taɓa zuwa soja a zuriyarmu? A rubuta sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensu da yaƙin da ya je, da ko ya dawo. In akwai takardar sallama ko lambar yabo a ƙasan adaka, a ɗauki hotonta, domin lambar soja da ke jiki ita ce mabuɗin bincike. Na biyu, a nemi haɗin kan hakimai da dagatai da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya, kada kuma a manta da dangi na Ƙwanni. Na uku, 'yan'uwanmu da ke Sakkwato da Kaduna su taimaka da duba takardu a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa. Rajistar hukumar kaburburan nan ma tana kan intanet, kyauta ake duba ta. Na huɗu, abin da aka tara a buga shi ɗan littafi a ajiye a laburaren makarantarmu, malaman tarihi su riƙa aiki da shi. Na biyar, cikin ɗan tallafin karatu da Allah ya hore mana, a riƙa tunawa da marayun waɗanda suka rasu a bakin aiki, domin furen da aka ajiye a Abuja ba ya biyan kuɗin jarrabawa a Illela.

Aikin yana son hanzari. Yaƙin Bama ya ƙare tun 1945, waɗanda suka yi shi kusan duk sun tafi, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ne tsofaffinmu na yau, sojan yaƙin basasa ma mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowane aji ya kawo suna goma, kafin taron baɗi za mu sami abin nunawa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Ƙwanni da Giginya da Burmi da Satiru, da waɗanda ƙasar Kamaru da Habasha da Bama ta rufe, da na jiya jiyan nan. Allah ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya saka wa malamanmu da alheri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.